Wai "riga malam masallaci" zagi ne ko yabo? A warware min

Ɗan Gangare

Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni ga waɗanda suka sha Hausa a nono, don mu 'yan Jos kullum gori ake mana wai Hausarmu ta tasha ce, to mun ji mun karɓa. Musu ne ya kaure mana a wani shagon caji nan wajen Terminus kan fastocin 'yan siyasa da suka fara mamaye gari, duk falwaya duk katanga an liƙe alhali ko ƙanshin zaɓe ba a fara ji ba. Wani dattijo da ke zama a wurin ya ce wannan ai riga malam masallaci ne. Sai wani yaro cikinmu ya ce shi fa wannan karin maganar bai taɓa kwanta masa ba, don a saninsa zuwa masallaci da wuri lada ne, sahun farko ma rububinsa ake yi, kuma ko yaushe ai mamu ne ke riga liman shiga, shi sai an kusa tada iƙama yake fitowa. To in haka ne me ya sa ake faɗinta da sigar tsawatarwa kamar mutum ya yi abin kunya? Wlh wurin ya yi tsit, shi kansa dattijon cewa ya yi haka dai muka taso muka ji ana faɗa.

To ina so a fayyace min ainihin ma'anarta, kuma ina bambancinta da azarɓaɓi da gaggawa da garaje, ko duk kanwar ja ce? Sannan za ka iya faɗa wa wanda ya girme ka ko rashin kunya ne.

Baban Sadiya, Bukuru

Wa alaikumus salam ɗana. Yaron nan yana da kai a gaishe shi, sai dai ya kalli maganar ta fuskar lada ne ita kuwa ba can ta dosa ba.

Fara da ita kalmar riga ɗin. Ba rigar sawa ba ce (na taɓa ganin wani ya rubuta "rigar malam masallaci" a Facebook na ce to Allah ya kawo mu zamani), riga ce ta na riga ka, ka riga ni, irin wadda muke cewa wane ya riga mu gidan gaskiya, daga nan ma aka samu marigayi da marigayiya. Ka lura ginin iri ɗaya ne, ya riga mu gidan gaskiya, ya riga malam masallaci, ba a cusa "zuwa" a tsakani. Kuma riga ita kaɗai ba laifi ba ce, ai mu ne ke cewa rigakafi ya fi magani. Ashe kenan nauyin maganar ba a kan saurin yake ba, a kan WA ka riga ne.

Ka ɗauki masallacin unguwa irin na da, kar ka ɗauko babban masallacin Juma'a na cikin gari mai lasifika da na'ibai da kwamiti. Ɗan masallaci nake nufi a ƙofar gidan malam, wani lokaci ma duwatsu ne kawai aka jera aka zuba yashi, shi ya kafa shi, shi ke ja, buzunsa na nan shimfiɗe a gaba, daga zaurensa zuwa wurin bai fi taku kaɗan ba. Kai ka taso tun daga ƙarshen unguwa da butarka kana haki ka riga shi isa. To sai me? Salla ba ta tsayuwa sai ya fito. Ko dai ka zauna ka jira shi, wannan babu laifi har lada ka samu kamar yadda yaronku ya ce, ko kuma zumuɗi ya ɗebe ka ka ga ai tunda kai ka fara zuwa bari ka wuce gaba ka hau buzun da ba naka ba. Wannan na biyun shi Bahaushe ke yi wa tsiya. Don haka abu biyu ne a ƙunshe, lokaci bai yi ba, kuma akwai mai abin wanda shi ya kamata ya fara. In ka duba ka ga babu mai abin a cikin zancen to wata kalmar za ka nema ba wannan ba.

Gaggawa daban take, lokacin ya yi amma kana sauri, kuma ba kullum take zama aibi ba, ai ana gaggauta buɗa baki ana gaggauta kai mamaci makwancinsa, asibiti ma akwai sashen gaggawa. Garaje shi ne afka wa abu ba lissafi, irin direban da zai sha kwana bai leƙa ba. Azarɓaɓi kuwa hali ne a jikin mutum, rawar jiki da son a ce shi ne. Lokacin da nake koyarwa a firamare kowane aji sai ka samu irin yaron nan da tun ba ka kai ƙarshen tambaya ba ya miƙe tsaye yana kaɗa yatsa yana malam ni malam ni, ka ce to faɗi, sai ya ce me ma aka tambaya. To wannan ne mai azarɓaɓi. Irinsu sun fi kowa riga malam masallaci, amma mutum mai sanyin hali ma yana iya yi sau ɗaya bisa kuskure ba za a kira shi mai azarɓaɓi ba. Kar kuma ka haɗa da wuce makaɗi da rawa, shi wannan an fara tare ne kai ka zarce.

Abu Ammar

Allah ya saka wa Baba da alheri ya ƙara lafiya. Ɗan ƙari ne kawai zan yi wa shi ɗan uwan da ya kawo maganar lada, don ko a addinin ma an raba tsakanin ka zo da wuri da ka fara kafin mai farawa. Zuwa da wuri abin so ne ba musu. Amma da zarar an tsaya to liman an sa shi ne don a bi shi, akwai hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim da aka tsoratar da mai ɗago kai kafin liman cewa ba ya tsoron Allah ya mayar da kansa kan jaki? Malamanmu na Malikiyya kuma sun ce in ka riga liman kabbarar harama ko sallama sallarka ta ɓaci sai ka sake, in a ruku'u ko sujada ne ka yi laifi amma sallar na nan.

Wanda ma ya fi fito da abin fili shi ne layya. Sahabi Abu Burda ya yanka tasa kafin sallar idi, Annabi (SAW) ya ce masa wannan nama ne kawai ba layya ba, sai da ya sake wata. Shi ya sa za ka ga a garuruwanmu ana kai ragon liman filin idi ya yanka a gaban jama'a sannan kowa ya koma gida ya yi tasa. Rago ɗaya wuƙa ɗaya niyya ɗaya, bambancin 'yan mintuna ne amma wani ya yi ibada wani ya yi suya. Haka aka hana tarar Ramadan da azumin kwana ɗaya ko biyu sai ga wanda dama ya saba azumtar ranar. Ga mu nan kuma duk shekara sai an sha fama da masu baza "an ga wata" a gurup tun Sarkin Musulmi bai yi sanarwa daga Sakkwato ba, wani ma tsohon bidiyo zai ɗauko na bara ko bara waccan ya tura, mata su tashi su dafa sahur a banza. Wallahu a'alam.

Maman Walid, Kubwa

Hhhh wlh kun taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni a wurina yanzu hedkwatar riga malam masallaci sitatus ne na WhatsApp, ba siyasa ba ba komai ba.

Lokacin da na haifi Walid babansa ya yi masa huɗuba da sunan mahaifinsa, to kun san yadda ake yi sai a yi shiru sai ranar suna a raɗa a gaban mutane a yanka rago. Shi surukina ma ba a gaya masa ba, so ake ya zo daga gida ya ji da kunnensa an yi masa takwara. Ai kuwa wata 'yar uwar mijina da ta zo min zaman jego ta tsinci sunan a bakin yayanta, kafin kwana uku ta ɗauki hoton jariri ta rubuta cikakken suna har da su fulawa da zuciya ta ɗora. Tsohon nan ba ya WhatsApp, wayarsa ma 'yar rakani-kashi ce, sai ji ya yi mutane na kira suna masa barka da takwara. Da ya iso ranar suna bai yi faɗa ba, ya zauna aka kawo masa ruwa ya sha sannan ya ce to tunda an riga an raɗa suna a waya sai a yanka ragon a wayar mu ma mu huta. Yarinyar nan ranar a kicin ta wuni. Kuma abin da ya sa ya yi zafi ba wai ƙarya ta yi ba, sunan ne dai ba wani ba, labarin ne ba nata ba ne ta bayar.

Na suna ma da sauƙi ana dariya a wuce. Na baiko fa, an kawo kuɗin gaisuwa kawai iyaye ba su ma tsayar da magana ba ƙawaye sun fara fitar da anko. Wanda ya fi ci min rai shi ne na rasuwa, mutum ya cika a asibiti ko rufe shi ba a gama yi ba wani ya ɗora hotonsa da Innalillahi, uwarsa na can ƙauye ko matarsa na hanya ana ta dabarar yadda za a gaya mata a hankali sai ta gani a waya a cikin mota. Wannan kam ni ban ma san ko riga malam masallaci ya ishe shi suna ba, rashin imani ne.

Kan tambayarka ta ƙarshe ƙanina, a'a kar ka soma ka kalli babba ka ce ka riga malam masallaci, za ka sha kallo. Ana faɗa wa sa'a ko na ƙasa. In a gaban manya ne kanka za ka ɗora wa, ka ce Baba ba wai zan riga malam masallaci ba amma da za a duba kaza, ko Hajiya kar in riga malam masallaci ke za ki faɗa. Sai ta koma ladabi, ka nuna ka san akwai na gaba da kai kuma ka samu ka faɗi abin da ke ranka. Kuma mace ma ana ce mata ta riga malam masallaci ba a canja komai, ko da kuwa a ɗaki take sallarta.

Manomin Bokkos

Sannunku. Ni Kirista ne amma maganar nan muna faɗinta sosai, har a mitin ɗin coci za ka ji dattijo ya ce kar mu riga malam masallaci a jira abin da majalisa za ta yanke, ba wanda ya taɓa cewa a canja a ce riga fasto coci, ba ta ma daɗin faɗa. Hausa ce kawai ta kowa.

Amma Baba na Bukuru ina da ja kaɗan da girmamawa. Ka ce dole sai akwai mai abin. Mu a gona muna faɗinta ba kowa a wurin. Nan Filato ruwa kan sauko sau ɗaya ko biyu a watan Maris mai ƙarfi har ƙasa ta yi ƙanshi, sai wani ya kwashi irin dankalin turawa da ya ɓoye ko ya saya da tsada ya je ya zuba, daga nan sama ta ɗauke sati biyu sati uku rana ta buɗe, irin ya tsiro ya ƙone ko ya lalace a cikin kunya. Damina ta gaske sai Afrilu ta shiga sosai take zama. In muka wuce gonar irin wannan mutum cewa muke yi wane ya riga malam masallaci bana. To wane ne malam a nan?

Baban Sadiya, Bukuru

Maƙwabci ka kawo magana. Ni dai da a bakina ne garaje zan ce ya yi, ko ruwan farko ya yaudare shi. Amma in kun ce ya riga malam masallaci ban ce kun yi kuskure ba, don kun mai da damina ita ce malam ɗin, ita ke da izinin a fara shi kuma bai jira ta ba. Ka ga dai har yanzu akwai wanda aka riga. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka ga mutum ya yi sammako ya tafi gonarsa da asuba ranar da kowa ke shuka ka ce ya riga malam masallaci, wannan ƙwazo ne. Can arewa wajen su Katsina da Daura ma akwai binne, a zuba gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba a bar wa Allah, kuma ba a kiransa da wannan sunan don kowa ya san dabara ce da aka gada da gangan ake yi.

Lauya_in_sha_Allah

Bari ɗalibin shari'a ya sa baki kafin a rufe 😄 Ɗan Gangare dattijonku ya fi ku gaskiya, don a batun fasta malam ɗin a rubuce yake. Dokar zaɓe ta 2022 sashe na 94 cewa ta yi kamfen a bainar jama'a yana farawa ne kwana 150 kafin ranar zaɓe ya tsaya awa 24 kafin ranar, a dokar 2010 da ta gabace ta kwana 90 ne. Shi ya sa a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 sai ranar 28 ga Satumba 2022 INEC ta buɗe fage. Inda gizo ke saƙar shi ne dokar ta 2022 ta yanka tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba ga jam'iyyar da ta sa talla a rediyo ko talabijin ko jarida cikin awa 24 ɗin ƙarshe, amma ba ta faɗi hukuncin wanda ya fara tun kafin kwana 150 ɗin ba. Ga shi kuma ba ɗan takarar ke sa hannu ba, za ka ga an rubuta wai ƙungiyar masoya ce ta ɗauki nauyi, in an tambaye shi ya ce shi ma gani ya yi a hanya.

Ku kwatanta da masu tsere. Tun 2010 dokarsu ta koma in ka tashi kafin a harba bindiga sau ɗaya tak an kore ka, ba gargaɗi. Har ma in na'ura ta nuna ka motsa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan ƙarar ana ɗauka ba ji ka yi ba cinka ka yi. Usain Bolt da kansa ta ci shi a wasan ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu a Koriya ta Kudu a 2011, ya cire riga ya fice yana ji yana gani ɗan ƙasarsu Yohan Blake ya ɗauki zinare. Da haka ake wa 'yan siyasarmu da takardar ƙuri'a ta zo babu kowa a kai.

Abu ɗaya da ba a taɓo ba, ku riƙa lura da masu magana da yawun gwamnati da 'yan siyasa in ana hira da su a rediyo. Da an matse su da tambaya sai ka ji ai magana na gaban kotu kar mu riga malam masallaci, ko an kafa kwamiti mu jira rahoto kar mu riga malam masallaci. Wani lokaci gaskiya ne, maganar da ke gaban alƙali akwai iyakar abin da za ka faɗa a kanta. Amma sau da yawa mafaka ce kawai, don kwamitin ba ranar da zai fito, an sa ku zaman jiran malamin da ya yi tafiya. Haka in aka tambayi gwamna ko zai sake tsayawa, zai ce wannan riga malam masallaci ne yanzu aiki ne a gabanmu, alhali fastarsa ce a bayan ɗan jaridar.

Manomin Bokkos

Baba na yarda da rabi. Abin da ya sa na ce rabi, mu fa sai bayan abin ya faru muke sa masa suna. Mai shuka da wuri ba wawa ba ne, lissafi yake yi, in ruwan ya ɗore shi zai fara kai sabon dankali kasuwa lokacin da buhu ke da daraja kafin kowa ya haƙa farashi ya faɗi, kuma ya tsere wa cutar nan da ke ƙona ganye in ruwa ya yi yawa wajen Yuli da Agusta, wadda kan share gona guda cikin 'yan kwanaki. Shekarar da ta yi masa kyau ba mai cewa ya riga malam masallaci, cewa ake wane ya iya noma har a zo ana tambayarsa yaushe zai zuba baɗi. Shekarar da ta ƙi ne ake masa dariya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa NiMet na fitar da hasashen damina a farkon shekara har suna gargaɗi kan ruwan farko mai yaudara, wasu na bi, amma yawancinmu har yanzu tona ƙasa muke yi da hannu mu ga iya inda laima ta kai. Ni bana raba irin na yi biyu, rabi na zuba da wuri a gonar da ke kusa da rafi inda zan iya ba da ruwa da inji in sama ta ɗauke, rabi na riƙe sai ruwa ya zauna. Lauya in ka gama karatu ka zo ka gaya min a wane sashe wannan ya faɗa.